Mutum 150 na Singafo da shirun mazan Mallawa

A farkon shekarar 2008, manyan asibitocin gwamnati biyar na ƙasar Singafo suka soma karɓar wasu marasa lafiya da suka ɗaure wa likitoci kai. Sai a kawo mutum ranga-ranga, ya jiƙe sharkaf da zufa, wani yana sambatu, wani ya riga ya sume. Da an soki ɗan yatsa an auna, sai a tarar sukarin jininsa ya faɗi warwas. Likitoci sun saba ganin haka ga mai ciwon suga da ya zarce ƙima wajen shan magani, ko wanda ya sha bai sa komai a cikinsa ba. Amma waɗannan mutane babu mai ciwon suga a cikinsu. Daga 1 ga Janairu zuwa 26 ga Mayu, mutum 150 aka kwantar a wannan hali, dukansu maza in ka cire mace ɗaya. Ƙaraminsu yana da shekara 19, babbansu 97. Bakwai suka faɗa doguwar suma, don ƙwaƙwalwa ba ta jure daɗewa babu sukari, huɗu kuma suka rasu.

Da aka kai jini da fitsarinsu ɗakin gwaji, sai aka ga glibenclamide a jikin mutum 127. Wannan maganin ciwon suga ne, irin wanda masu ciwon suke sha a nan wajenmu, kuma aikinsa shi ne ya sauke sukarin jini. Me ya kai shi jikin wanda ba shi da ciwon? Hukumar kula da magunguna ta ƙasar ta bi sawu har ta kama bakin zaren a kan wasu magungunan ƙarfin maza guda huɗu da ake sayarwa a bayan fage. Ɗaya jabun Cialis ne, sauran ukun ana tallarsu da sunan haɗin itatuwa, cikinsu har da wani mai suna Power 1 Walnut. A ƙwaya ɗaya an sami glibenclamide daga miligiram 13 har zuwa 100, alhali mai ciwon suga kansa ba a ba shi fiye da 20 a yini. Sinadarin ƙarfin mazan kuwa, wato sildenafil, wata ƙwayar rabin miligiram ne kacal a cikinta, wata 110. Ma'ana, inda ake buga su babu mai aunawa. Wanda ya sha ta farko bai ji komai ba, gobe biyu zai haɗiye.

Likitocin sun wallafa wannan labari a mujallar New England Journal of Medicine a 2009, kuma akwai lamba ɗaya a cikinsa da ta fi sauran tsaya mini a rai. Cikin mutum 150, 45 kawai suka yarda suka faɗa wa likita cewa sun sha maganin maza. Sauran suka yi gum. Mutum yana kwance ana yi masa ƙarin ruwa, rai a hannun Allah, likita na tsaye a kansa yana tambayar abin da ya sha, amma kunya ta fi masa ciwon nauyi. Kunyar ce ta hana shi zuwa asibiti tun farko, ita ta kai shi wajen mai talla a lungu, ita kuma ta rufe masa baki a ranar da magana ɗaya za ta gajarce wa likita hanya. Irin wannan ya faru a Hong Kong a daidai lokacin. Bayan shekara goma sha ɗaya, a 2019, aka sake ganinsa a jihar Virginia ta Amurka, inda aka kwantar da maza 17 da suka sha wata ƙwaya mai suna V8 da suka saya a ƙananan shaguna, ita ma da glibenclamide a ciki.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Singafo tsibiri ne mai arziki a kudu maso gabashin Asiya, dokarsa da tsauri, kwastansa ba sa wasa, kuma duk inda mutum ya faɗi asibiti yana kusa. In har gurɓataccen magani ya ratsa irin wannan ƙasa ya kashe mutane, sai mu tsaya mu dubi tamu.

Mallawa tana kudancin jihar Damagaram ta Nijar, a yankin da aka yanko daga Magariya a 2011 aka yi gundumar Dungas, tare da Dogo-Dogo da Guci. Jigawa ce maƙwabciya, kuma mutanen nan ba baƙi ba ne a kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis. Iyaka ce mai tsawo, hanyoyin babur sun fi a ƙirga, kaya suna shiga suna fita. Samari suna tafiya ci-rani Kano da Legas da Agadas, wasu har Libiya da Aljeriya, su komo da tsaraba, cikin tsarabar har da ƙwayoyin da wani aboki ya yaba musu. Ranar kasuwa kuwa ga mai faifan magani yana zagayawa, ga mai kwali a bayan keke, ga mota da lasifika tana kwarara tallar maganin basir da sanyi da ƙarfin maza, cikin kalmomin da dattijo ba ya iya tsayawa ya ji tare da ɗansa. Rana tana dukan ƙwayoyin tun hantsi har la'asar. Rubutun kwalin Turanci ne ko Indiyanci ko Sinanci, mai sayarwa bai karanta ba, mai saye bai karanta ba, da launi da hoton doki ko zaki ake gane su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kusan magani ɗaya cikin goma jabu ne ko maras inganci. Hukumomin Najeriya da kansu sun rufe ɗimbin shagunan magani a Sabon Garin Kano a Fabrairun 2024, suka ce a koma cibiyar Dangwauro inda za a iya sa ido, saboda sanin irin abin da ke fita daga kasuwar da ba mai dubawa.

Mutanen Singafo sun gano masifarsu ne don suna da ɗakin gwaji, suna da likitocin da suka haɗa rahotannin asibitoci biyar suka ga abin ya yi kama. A ƙauyukanmu, magidanci ɗan shekara hamsin zai kwanta lafiya, da asuba a tarar ba ya motsi. Wani ya ce hawan jini ne, wani ya ce iska ce, kafin azahar an kai shi makwancinsa. Ajali gaskiya ne, ba mai ja da wannan. Sai dai ba wanda zai laluba aljihun rigarsa, in ma uwargida ta ga ledar ƙwayar za ta jefa ta a murhu don rufin asirin mamaci. Rashin ƙidaya ba shaidar lafiya ba ce.

Ba cewa nake yi maganin ƙarfin mazan kansa guba ne ba. Magani ne na gaske, an gwada shi, kuma ya gyara aure masu yawa. Kamfanin Pfizer ne ya haɗa sildenafil a 1989 a garin Sandwich na Ingila, da niyyar maganin ciwon ƙirji na masu ciwon zuciya. A wajen gwaji bai taɓuka abin kirki ga ƙirjin ba, amma mazan da aka ba shi suka riƙa ba da labarin wani canji dabam. A ranar 27 ga Maris 1998 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi da sunan Viagra, a 2003 kuma tadalafil ya biyo baya da sunan Cialis. Wannan asali yana da muhimmanci a riƙe shi: tun ranar farko maganin jijiyoyin jini ne, kuma duk jijiyar jinin da ke jiki tana jin sa.

Idan sha'awa ta motsa, jijiyoyin jinin da ke gaban namiji sukan saki jiki su buɗe, jini ya cika wurin. Akwai wani sinadari a jiki da aikinsa shi ne ya mayar da su yadda suke. Maganin yana riƙe wannan sinadari na ɗan lokaci, sai buɗewar ta daɗe. Iyakar aikinsa ke nan. Ba ya kawo sha'awa inda babu ita, ba ya ƙara girma, ba ya ba da haihuwa, ba ya tsare mutum daga ciwon sanyi ko ƙanjamau. Saurayi lafiyayye da ke sha don ya burge amarya bai ƙara wa kansa komai ba sai ciwon kai da toshewar hanci, da kuma wani abu mafi muni, wato ya saba har ya daina yarda da jikinsa in babu ƙwaya.

Haɗarin da ya fi kowane saurin kisa shi ne haɗa shi da magungunan ciwon ƙirji da ake kira nitrate, irin su nitroglycerin da ake sa wa ƙarƙashin harshe ko a fesa, da isosorbide. Su ma buɗe jijiyoyi suke yi. In biyun suka haɗu, jini yakan sauka ƙasa farat ɗaya, zuciya da ƙwaƙwalwa su rasa abin da zai kai musu. Wanda ke shan irin wannan magani, babu shi babu sildenafil, babu shi babu tadalafil. A nan ne kuma shiru yake zama ajali. Mutum ya sha ƙwayar da dare, ƙirji ya riƙe shi, an garzaya da shi asibiti. Abin da likita zai fara tunanin sa masa a ƙarƙashin harshe shi ne nitroglycerin. In ya san an sha sildenafil, zai jira awa 24 ya nemi wata dabara. In tadalafil ne, wanda aikinsa ke kai awa 36, sai an jira awa 48. In ba a faɗa masa ba, da hannunsa zai ƙarasa wanda yake ƙoƙarin ceta, kuma ba laifinsa ba ne.

Akwai sauran tambayoyi da likita ko ma'aikacin faramasi yake yi kafin ya rubuta, mai faifai kuwa ba ya yin ko ɗaya. Dattijon da ke shan maganin kumburin mafitsarar maza saboda fitsari yana yi masa wuya, irin su doxazosin da tamsulosin, jiri na iya kayar da shi in ya haɗa ba tare da an daidaita masa ba. Wasu magungunan ƙanjamau kamar ritonavir, da kuma wasu magunguna irin su ketoconazole da erythromycin, suna hana hanta fitar da sildenafil, sai ya taru a jini. Wanda bai daɗe da samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba, da mai ciwon hanta ko ƙoda mai tsanani, kowanne da nasa hukuncin. Ma'aunin sildenafil na ƙarfin maza uku ne: miligiram 25 da 50 da 100. Akan fara da 50, tsofaffi da masu rauni da 25, kamar awa ɗaya kafin buƙata, kuma sau ɗaya tak a yini. Duk kwalin da aka rubuta wa 150 ko 200 ya wuce abin da aka amince da shi. Abinci mai maiƙo yana jinkirta aikinsa, don haka wanda ya cika ciki da balangu ko soyayyen nama ya sha, ya jira bai ga komai ba, kada ya ƙara ta biyu, ta farkon tana tafe. Ciwon kai da jan fuska da ƙwannafi sukan zo su wuce. Amma in ido ya dushe farat ɗaya ko kunne ya toshe, a daina sha a nufi asibiti a ranar.

Akwai wani haɗari da ya fi shafar mu fiye da mutanen Singafo, shi ne sikila, amosanin jini. Ƙasarmu tana cikin inda ciwon ya fi yawa a duniya, har akwai cibiya ta musamman dominsa a Yamai. Masu sikila, ko ba su sha komai ba, da yawansu suna fama da miƙewar gaba mai zafi da ba ta kwantawa, domin ƙwayoyin jinin da suka lanƙwashe sukan toshe hanyar fitar jini. Ba sha'awa ba ce, ciwo ne, kuma yakan zo cikin dare har ga yara. Irin wannan mutum in ya ɗauki ƙwayar kasuwa da bai san nauyinta ba, ya jefa kansa cikin haɗari babba. Ƙa'idar likitoci a nan ba ta da sassauci ga kowa, mai sikila da wanda ba shi da ita: in miƙewa ta kai awa huɗu ba ta sauka ba, a tafi asibiti nan take. Jinin da ya tsaya ba ya ɗauke da iska, naman wurin yana soma lalacewa, in aka wuce yini guda ana jira, sau da yawa ƙarfin ya tafi ke nan har abada. A asibiti ana zuƙe jinin da allura a sa magani, abin ya sauka. Yanzu a lissafa tafiya daga wani ƙauyen Mallawa zuwa Dungas ko Magariya, balle babban asibitin Damagaram, ga rairayi, ga damina, ga neman mota cikin dare. Awa huɗun mutumin birni ba ita ce tamu ba. Wanda ya kai awa biyu yana jin zafi ya soma neman abin hawa. Na san nauyin a tashi ƙane ko ɗa da tsakar dare a ce masa ga abin da ake ciki. Ba sai an yi masa bayani ba, “tashi ka kai ni asibiti” ta isa, sauran maganar ta likita ce.

Ko da ƙwayar kasuwa ta zama mai kyau, ba jabu ba, akwai asarar da mai sayenta yake yi bai sani ba. Duk wanda ya yi noman rani a fadamun Korama ya san in ƙasa ta fara cike magudanan ruwa, ƴar siririyar da ke kai ruwa fangali ita ke fara toshewa, babbar tana gudu kamar ba komai. Haka jijiyoyin jiki suke. Na gaban namiji faɗinsu milimita ɗaya zuwa biyu ne, na zuciya uku zuwa huɗu. Abin da ke cushe jijiya, wato hawan jini da ciwon suga da kitse da hayaƙin taba, a ƙananan yake fara nuna kansa. Shi ya sa raunin gaba yakan riga ciwon zuciya bayyana da shekara biyu zuwa biyar. Mutumin da ya je wajen majo, wato ma'aikacin lafiya, ya ce ƙarfinsa ya ragu, aka ɗaura masa abin awon jini a dantse, aka soki yatsarsa, yana iya fita da labarin ciwon da bai san yana ɗauke da shi ba, tun tafiya ba ta yi nisa ba. Wanda ya sayi ƙwaya a kasuwa ya toshe bakin mai gargaɗi, ciwon yana ci gaba da aikinsa a ɓoye.

Wani lokaci ma maganin da ake sha ne sanadi. Wasu magungunan hawan jini, irin su atenolol da masu sa yawan fitsari, suna rage wa wasu maza ƙarfi. Abin da ke biyo baya shi ne mutum ya lura, ya ajiye maganin bai gaya wa kowa ba, bayan ƴan watanni ɓarin jiki ya shanye. Da ya yi magana, canza masa wani za a yi. Taramol kuwa, da samari ke sha don aikin ƙarfi ko don jinkirta kawowa, daɗewa ana shansa yana kashe sha'awar kanta, ban da farfaɗiya da kamu da yake jawowa. Ga kuma damuwa. Magidancin da damina ta ba shi baya, bashi ya yi masa katutu, ga ranar girki tana zagayowa ba ta san halin da yake ciki ba, in jikinsa ya ƙi ba abin mamaki ba ne, kuma ba sammu ba ne. Wani sanannen bincike da aka yi a jihar Massachusetts ta Amurka, aka wallafa a 1994, ya nuna kashi 52 cikin ɗari na maza masu shekara 40 zuwa 70 suna da wani mataki na wannan rauni. Wanda yake ganin shi kaɗai ne a majalisarsu, ya sani rabin sa'o'insa da shi suke kwana.

Wani zai ce shi ba ya shan ƙwayar Bature, na gargajiya yake sha. Ba ni da faɗa da masu maganin gargajiya na gaskiya, waɗanda suka gaji sana'ar, aka san gidansu, aka san saiwar da suke haƙowa. Amma a tuna uku daga cikin magungunan Singafo da sunan itatuwa aka sayar da su. A 2021 hukumomin Faransa suka gargaɗi jama'a kan wata zuma da ake sayarwa cikin ƴan ledoji da sunan ƙarin kuzari, bayan gwaji ya nuna an zuba mata sildenafil da tadalafil. A Yulin 2022 hukumar Amurka ta aika wa kamfanoni huɗu takardar gargaɗi a kan irin wannan zuma. Dabarar ba ta da wuya: a daka ƙwaya, a cuɗa da gari ko zuma ko tsimi, a ce sirrin kakanni ne. Garin da aka sha ya yi aiki cikin awa ɗaya, ya zo da ciwon kai da jan ido da toshewar hanci, alamunsa na ƙwaya ne. Wannan ya fi ƙwayar fili haɗari, domin mai ciwon zuciyar da likita ya hana shi Viagra zai sha shi da kwanciyar hankali.

Kunyar nan da muke riƙe da ita, ba addini ne ya ɗora mana ba. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantarwa a zaurukanmu shekara da shekaru, ta kawo hukuncin mijin da ya kasa kusantar iyalinsa: a ba shi shekara guda, in ya samu sauƙi aure ya ci gaba, in bai samu ba mace tana da zaɓi. Malamai sun ɗauki abin a matsayin lalura mai neman magani, mai taɓa haƙƙin mace, suka tattauna shi a fili gaban ɗalibai. Mata ma sun fi mu a nan, don suna da yayye da ƙawaye da suke buɗe wa ciki. Namiji ne ba shi da kowa. Mai lasifika yana faɗin abin da ya ga dama a tsakiyar kasuwa, shi kuwa mai lalurar ya kasa faɗin jimla ɗaya a ɗaki a rufe. Jimlar ba ta da tsawo: “Majo, ƙarfina ne ya ragu wajen iyali.” In majon yaro ne sa'an ɗansa, zai ce, “To Baba, bari mu fara auna jini da suga,” daga nan magana ta zama ta aiki.

Ga matan gida kuwa ina da roƙo. In maigida ya tashi da zufa mai sanyi, jiki na rawa, yana magana ba kan gado ko yana fizge-fizge, kada a tsaya ana hayaƙi ana jiran iska ta sauka. In yana iya haɗiya, a dama masa sukari a ruwa ya sha, a bi da abinci. In ya sume, kada a ɗura masa komai, ko ruwa ko rubutu, don zai shiga huhu. A kwantar da shi ta gefe a kai shi cibiyar lafiya, a ce a auna suga. Ko ya farfaɗo ya ce ya warke a kai shi, domin irin wannan magani yana daɗewa a jiki, sukarin yakan sake faɗuwa bayan an ɗauka an tsira. Ledar ko kwalin da aka gani, a ƙulle a bakin zane a miƙa wa ma'aikacin lafiya a keɓe. Wannan shi ne rufin asiri na gaskiya.

Nauyin bai tsaya kan marasa lafiya kaɗai ba. Ingila ta yi shekaru tana kama jabun maganin maza da ake saye ta intanet, kamun bai hana saye ba. A ƙarshen 2017 hukumarta ta canza dabara, daga 2018 aka soma sayar da sildenafil mai miligiram 50 a faramasi ba tare da takardar likita ba, da sharaɗin ma'aikacin faramasi ya keɓe da mutum ya yi masa tambayoyi kan zuciya da magungunan da yake sha, in ya ga alamar haɗari ya tura shi wajen likita. Ba su yar da tambayoyin ba, kusa suka kawo su. Mu ba mu da faramasi a kowane gari, saboda haka kwafar tsarinsu kai tsaye ba zai yi ba. Abin da muke da shi cibiyoyin lafiya ne na CSI da ƙananan ɗakunan shan magani na ƙauye, kuma maza da yawa suna ganin wuraren nan na awon ciki da rigakafin yara ne, ba nasu ba. Magidanci ba zai zauna a layi tsakanin surukarsa da matar maƙwabcinsa ya jira a kira shi kan wannan magana ba. A ware wani lokaci da yamma ko ranar kasuwa na awon jini da suga ga maza, da ma'aikaci namiji da ƙofa mai rufuwa, ba sai an rubuta wa ɗakin suna ba. Ma'aikaci ya riƙa yin tambayar da kansa ga duk mai hawan jini ko ciwon suga, don amsa “e” ta fi buɗe magana sauƙi. A tabbata abin awon suga yana da tsinkensa, akwai ruwan sukari na allura a ajiye. Sildenafil mai rajista kuma ya daina zama kayan masu kuɗi tun da wa'adin mallakar Pfizer ya ƙare a Turai a 2013, ana iya samar da shi ta hanyar ofishin magunguna na ONPPC da faramasin gwamnati a farashin da talaka zai iya.

Nijar tana cikin ƙasashen da suka sa hannu a Lome a Janairun 2020 kan yaƙi da fataucin jabun magunguna, kuma tana da ɗakin gwajin LANSPEX a Yamai mai auna ingancin magani. Hukumomin lafiya na Dungas da Magariya suna iya tura mutum ya sayi samfurin ƙwayoyi da garuruwa da zumar da ake tallatawa a kasuwannin Mallawa da kewaye, a aika a gwada, sannan a karanta sakamakon da Hausa a gidajen rediyon yankin, a faɗi sunan kowane kwali da launinsa da abin da aka samu a ciki.